Yadda Muka Kafa Farin Keke A Inda Mota Ta Kashe Ɗan Yayata A Bronx

Ɗan yayata yana sana'ar kai abinci a kan keke a birnin New York, aikin da yawancin samarinmu na Afirka ta Yamma ke farawa da shi idan sun sauka ƙasar. Wata rana bayan la'asar yana miƙe a layin kekuna a wata mahaɗa a Bronx, fitila ta ba shi hannu, sai wani mai jif ya karyo kwanar hagu da gudu bai duba ba, ya bi ta kansa. Kafin a isa da shi asibiti rai ya yi halinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Mahaifinsa ya riga shi rasuwa, mahaifiyarsa tana Zariya, ni kawunsa ni kaɗai ne jininsa a Amurka, don haka duk wata takarda da duk wani ofis a kaina suka faɗa. Tun daga lokacin, da zarar irin wannan ta samu wani a cikin jama'armu, na Najeriya ne ko na Nijar ko na Gana, sai a turo shi wurina, kuma abin da aka fi tambayata shi ne farin keken nan da muka ɗaure a bakin titi. Keken shi ne na ƙarshe a jerin abubuwan da muka yi, kuma shi ne mafi sauƙi. Waɗanda suka zo kafinsa su ne masu wa'adi, su ne idan suka wuce mutum ba sa dawowa.

A asibiti ba su ba mu gawa ba. Duk wanda ya rasu ta hanyar haɗari, gawarsa tana wucewa ofishin likitan binciken gawa na birni, shi ne zai rubuta musabbabin mutuwa. A can aka nemi in tabbatar da cewa shi ne, kuma ta hoto ake yi, ba a shigar da mutum inda gawa take. Abin da ya fi tayar mini da hankali a daren shi ne kada a buɗe shi. Dokar jihar New York ta ba dangi damar su ce ba su yarda a buɗe gawa ba saboda addini, sai dai idan hukuma ta ga akwai larura mai ƙarfi, kamar binciken kisan kai. Amma sai ka faɗa da bakinka, kuma da wuri, tun kana asibiti ka sa a rubuta. Mu mun faɗa, suka duba jikinsa ta waje suka ɗauki hotuna, suka bar shi haka. Na biyu, a jihar nan dangi ba sa ɗaukar gawa da kansu, sai kamfanin jana'iza mai lasisi. Masallatanmu sun san kamfanonin da ke yi wa Musulmi wanka da sutura, limaminmu ne ya kira mana ɗaya. Ba mu samu binne shi a ranar ba, ko washegari, kuma wannan jiran ya yi mana nauyi ƙwarai, mu da muka saba a kai mutum makwancinsa kafin rana ta faɗi. Na kira mahaifiyarsa na ce, "Yaya, a kawo miki shi gida ko a sa shi a nan?" Ta yi shiru can ta ce ƙasar Allah ɗaya ce, kada mu wahalar da shi. A wata maƙabarta a New Jersey muka binne shi, kuɗin ya kai dubban daloli, jama'ar masallaci da abokan aikinsa suka haɗa. Takardar shaidar mutuwa dala 15 ce kowace ɗaya, ka sa kamfanin jana'izar ya karɓo maka da yawa lokaci guda, domin kotu da inshora da banki kowa tasa yake so.

Muna zaman makoki wani dattijo ɗan Kumasi, wanda ya shekara da shekaru yana tuƙa tasi a birnin, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka tura yara yanzu su bi shagunan da ke mahaɗar nan su roƙi hoton kyamara, kada ka bari sai an share makoki." Na'urorin shagunan nan suna goge abin da suka ɗauka da kansu bayan 'yan kwanaki, wasu mako ɗaya ma ba sa kaiwa. Yara suka tafi, wani mai shago ɗan Yaman ya zuba musu hoton a waya, bai karɓi ko sisi ba. Wannan shawarar ita ta riƙe maganar gaba ɗaya, domin direban ya gaya wa 'yan sanda cewa yaron ne ya faɗo masa, hoton kuwa ya nuna yana kan layinsa, fitila tana tare da shi. Mamaci ba ya tashi ya kare kansa. Idan babu hoto babu shaida, labarin direba ne kaɗai zai shiga takarda.

'Yan sandan birnin suna da sashe na musamman mai binciken haɗarin da aka rasa rai ko aka ji mummunan rauni, ba ofishin unguwa ne ke riƙe maganar ba. Jami'in da aka ba aikin ya ba ni katinsa, na miƙa masa hoton kyamarar da lambar wayar wata mata da abin ya faru a kan idonta. Akwai rahoton haɗari mai lamba MV-104AN, ana samunsa a ofishin 'yan sanda na yankin ko ta intanet. Idan ya zo hannunka ka zauna ka karanta shi layi-layi: yadda aka rubuta sunan mamaci, lambar motar, kamfanin inshorarta, zanen yadda abin ya faru, sunayen shaidu. Sunayenmu sukan sha wuya a hannun masu rubutu, kuma harafi ɗaya idan ya bambanta da na fasfo sai ya tsayar da kai a kotu. Wanda Turancinsa bai nuna ba kada ya ji kunya, ofisoshin birni suna samar da tafinta ta waya kyauta, ana samun mai Hausa, 'yan'uwanmu na Nijar kuma suna iya neman takardu da Faransanci.

Daga nan sai lauya. Tun ana ta'aziyya wasu suka fara zuwa da katuna, wani ma ya zo da Bahaushe mai yi masa rakiya don mu saki jiki. Ban sa hannu a takardar kowa ba sai da na zauna da lauyoyi daban-daban na ji bakin kowa. A irin wannan shari'a ba a biyan lauya tun farko, yakan ɗauki kashi ɗaya cikin uku na abin da aka samu, idan ba a samu komai ba shi ma bai samu ba. Wanda muka ɗauka ya fara da jera mini wa'adodi, ga su yadda na rubuta su a ranar. Inshorar motar da ta buge mutum ita ke biyan kuɗin asibiti har dala 50,000 ba tare da an tsaya tantance mai laifi ba, da ƙarin dala 2,000 idan an rasu, amma sai an shigar da takardar nema cikin kwana 30. Wannan ya shafi mai tafiya a ƙasa da mai keke, bai shafi mai babur ba, saboda haka a tabbatar an rubuta ainihin abin da mutum yake kai, domin yaranmu da yawa sun koma hawan ƙananan babura. Idan direba ya gudu ba a gan shi ba, akwai asusun da ake kira MVAIC mai biyan diyya a irin wannan hali, sai dai dole a kai rahoto ga 'yan sanda cikin awa 24, a sanar da asusun cikin kwana 90. Idan motar ta hukumar birni ce, nan ma kwana 90 ne na sanarwa. Ƙarar neman diyyar rai kuma shekara 2 ce daga ranar rasuwa. Ya kuma gargaɗe ni kada in yi magana da wakilin inshorar direban, ko da ya kira da murya mai daɗi yana jajantawa. Ya kira kuwa, na ba shi lambar lauya na kashe waya. Na tambayi lauyan ko rashin cikakkun takardun zama zai hana, ya ce ba ya hana dangi neman haƙƙinsu.

Ba a shigar da ƙarar da sunan kawu haka kawai. Sai kotun gado ta naɗa wanda zai tsaya a madadin mamaci, ta Bronx tana kan titin Grand Concourse, kusa da filin wasa na Yankee. A dokarsu, wanda ya rasu ba mata ba ɗa, iyayensa ne magada, wato Yaya, ita kuma tana Zariya ba ta da bizar zuwa. Sai da ta sa hannu a takardar amincewa cewa in tsaya mata, aka buga hatimi a ofishin jakadancin Amurka a Abuja, aka aiko da ita tare da takardar haihuwarsa da shaidar rasuwar mahaifinsa. Kuɗin shigar da takarda a kotun bai taka kara ya karya ba, dala 45 muka biya saboda abin da ya bari kaɗan ne, amma jiran ya ɗauki watanni. A nan ne na ji abin da har yau yake ci mini rai. Dokar diyyar rai ta jihar, wadda asalinta tun 1847 ne, ba ta lissafa baƙin cikin uwa, asarar kuɗi kawai take lissafawa. Majalisar jihar ta zartar da gyara, Gwamna Kathy Hochul ta ƙi sa hannu fiye da sau ɗaya. Saboda haka abin da ya zama hujjarmu shi ne rasit na kuɗin da yake aika wa mahaifiyarsa duk wata. Na zauna da wayarsa ina tattara su ɗaya bayan ɗaya, na ga ko watan da ya yi rashin lafiya bai fasa aikawa ba. Duk mai aika kuɗi gida ya riƙa ajiye shaidarsa. Kuma a sani, mafi ƙarancin inshorar da doka ta wajabta wa mai mota a jihar dala 50,000 ce idan mutum ɗaya ya rasu, direbobi da yawa kuma iyakar abin da suke da shi ke nan.

A tsakanin nan wasu daga cikin manyanmu suka fara yi mini magana, wai in bar wa Allah, kwanansa ne ya ƙare, bin kotu kamar jayayya da ƙaddara ne. Na san da kyakkyawar niyya suke faɗa. Na kai maganar gaban limaminmu na ce, "Allah gafarta Malam, ina neman haske." Ya ce lallai ajali ba ya wuce lokacinsa, amma Allah da Ya ƙaddara shi ne Ya hukunta diyya a kan kisan kuskure a Suratun Nisa'i aya ta 92, kuma haƙƙin magada ne, su kaɗai ke da ikon yafewa. Ya ce ni wakili ne, ba ni da hurumin yafe abin da ba nawa ba. Da wannan na samu natsuwa. Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: yawan cewa a bar wa Allah a inda akwai ganganci ƙarara shi ke sa direba ya koma kan sitiyari washegari kamar kaza ya taka.

Ɓangaren hukunci shi ne ya fi ba ni mamaki. A 2014, shekarar da birnin ya ƙaddamar da shirin Vision Zero na kawo ƙarshen mace-mace a kan tituna ya kuma rage gudun mota a yawancin tituna zuwa mil 25 a awa, an kafa dokar da ta mai da shi laifi direba ya ƙi ba mai ƙafa ko mai keke hanya har ya ji masa rauni ko ya kashe shi. Da ita aka gurfanar da direban, saboda bai sha giya ba kuma bai tsere ba. Iyakar hukuncinta tarar dala 250 ko ɗaurin kwana 30, ko duka biyun. Batirin keken yaron ya fi wannan tarar tsada. Na je kotu duk ranar da aka sa, wani zaman minti kaɗan ne a ɗage. Ranar da aka kammala, direban ya amsa laifi, aka ci shi tara aka tura shi kwas na tuƙi. Na fito ina jin kamar ba a yi komai ba, kuma a wannan halin nake lokacin da maganar farin keke ta taso.

Wata mata ce ta kawo ta, ita ma mota ta kashe mata ɗa, tana cikin ƙungiyar Families for Safe Streets, wadda iyalan da suka yi irin wannan rashi suka kafa a 2014. Na sha ganin fararen kekuna a ɗaure a bakin titi ban san ma'anarsu ba. Ta ce al'adar ta fara ne a birnin St. Louis na jihar Missouri a 2003, lokacin da wani mutum mai suna Patrick Van Der Tuin ya ga mota ta buge wata mai keke, ya shafa wa tsohon keke farin fenti ya ajiye a wurin da allon gargaɗi. Ta iso New York a 2005, yanzu kuma ana yinta a birane da yawa na duniya. Wanda zai nema a intanet ya rubuta ghost bike. Akwai 'yan sa-kai da ake kira Street Memorial Project masu haɗa kekunan, suna kuma yin alluna na masu tafiya a ƙasa da mota ta kashe, a ɗaure a jikin ƙarfe a wurin.

Ban amsa mata nan take ba, domin mu ba mu san alama a inda mutum ya faɗi ba, ko kabari ma ba ma ƙawata shi. Da na kawo maganar masallaci aka rabu biyu, wasu suka ce kwaikwayon wasu ne, wasu suka ce gobe za a wayi gari ana kunna kyandir a wurin. Samari masu kai abinci kuwa kusan dukkansu suna so, domin su ne ke bin mahaɗar kullum. Malam ya saurari kowa, sannan ya ce abin dubawa shi ne don wa za a yi. Idan don mamaci ne, ba ya buƙata, addu'a da sadaka ne ke isa gare shi. Idan don rayayyu ne, direba ya gani ya sassauta, hukuma ta gani ta tuna akwai gyara a wurin, to yana cikin kawar da cuta daga hanya. Ya gindaya sharuɗɗa: ba hoto, ba kyandir, ba furanni daga gare mu, kuma kada a mai da wurin wajen ziyara. Na kira Yaya na bayyana mata, ta ce, "In dai zai hana wata uwa ta ji abin da na ji, ku yi." Sunansa na farko kawai ta yarda a rubuta.

Na yi ta tambayar inda ake karɓar izini, ba wanda ya nuna mini wata takarda, domin ba a bayar da ita. Abin da ke akwai shi ne ƙa'idar hukumar tsaftar birni kan kwashe kekunan da aka yasar, wadda tun 2010 ta cire fararen kekunan tunawa daga cikin abin da ake kwashewa a matsayin shara. Ba a amfani da keken da aka yi haɗarin da shi, wannan yana hannun masu bincike, kuma lauya zai so a adana shi. Wani mai gyaran keke ya ba mu tsoho kyauta. Ranar Asabar muka haɗu da 'yan sa-kan, aka cire sarƙa da birki da wayoyi da duk abin da ɓarawo zai yi sha'awa, aka wanke shi aka goge tsatsa, aka fesa farin fenti har tayoyi da sirdi, aka bari ya bushe aka sake fesawa. Fenti da sarƙa mai kauri da kwaɗo da allo duka ba su kai dala 200 ba. A allon aka rubuta sunansa da shekarunsa da ranar, da cewa mota ce ta kashe mai keke a nan. Wurin ɗaurewa yana da ƙa'ida: jikin ƙarfen alamar titi, ba bishiya ba domin dokar birnin ta hana, ba famfon 'yan kwana-kwana ba, ba shingen gidan wani ba, kuma kada ya tare gangaren da masu keken guragu ke bi. Kafin ranar na je na gaida masu shagunan kusa na gaya musu, mai shagon nan ɗan Yaman ya ce zai riƙa sa ido. Ranar Lahadi bayan azahar muka ɗaure shi. Abokan aikinsa sun zo da yawa da jakunkunansu a baya, har da 'yan Meziko da 'yan Bangladesh da ban taɓa gani ba, suka ɗaga kekunansu sama na ɗan lokaci kamar yadda masu keke ke yi wa nasu. Addu'a kuwa a masallaci muka yi ta.

Keken ya buɗe mana ƙofar da ban yi zato ba. Bronx tana da majalisun unguwa 12, ba su da ikon zartarwa amma hukumar sufuri tana jin shawararsu, kuma kowa na iya zuwa ya yi magana a zamansu na wata-wata. Na sa sunana, aka ba ni 'yan mintuna, na nuna hoton keken na ce ga abin da muke roƙo: a sa robobin nan da ke tilasta wa mai karya kwanar hagu ya rage gudu, a gyara fitila ta riƙa ba masu ƙafa daƙiƙu kaɗan su fara tsallakawa kafin a saki motoci, a kuma hana ajiye mota dab da kwana domin direba ya ga mai tahowa. Wasu daga cikin mahalarta suka ce kullum suna wuce keken, ashe labarinsa ke nan. Mun kuma shigar da buƙatar ta 311, lambar wayar kai ƙorafi ga hukumar birni, muka ajiye lambar shaida, muka kai takarda mai sa hannun maƙwabta ofishin ɗan majalisar birni na yankin. Bayan watanni aka zo aka sa robobin, maganar fitila kuma an rubuto mana cewa ana nazari. A wajen waɗannan iyalai na ji labarin dokar Sammy ta 2024, wadda ta ba birnin ikon rage gudu zuwa mil 20, an sa mata sunan Sammy Cohen Eckstein, yaro ɗan shekara 12 da mota ta kashe a Brooklyn a 2013. Mahaifiyarsa Amy Cohen ta shafe sama da shekara goma tana bin maganar kafin ta tabbata. A gida idan mota ta kashe mutum, samari kan fito da siminti su gina tudu a titi da kansu cikin fushi. A nan ba a yin haka, sai dai a yi ta zuwa zama ana maimaita magana ɗaya har a gaji da kai.

Wanda zai kafa irin wannan keke ya fara tanadar mai kula da shi. Gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin fenti, mutane suna jingina shara a jikinsa, idan ya yi tsatsa ya koma bola sai maƙwabta su fara ƙorafi, kuma da gaskiyarsu. Mun raba aikin, samari biyu daga cikin abokansa suna share wurin, ni kuma ina sabunta fenti idan sanyi ya wuce. Ranar Lahadi ta uku a watan Nuwamba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2005 a matsayin ranar tunawa da waɗanda haɗarin hanya ya rutsa da su, mukan bi sauran iyalai zuwa taronsu. Kuɗin inshora da suka fito, bayan lauya ya cire nasa kotu ta amince, na aika wa Yaya, ta sa aka haƙa rijiyar burtsatse a unguwarsu da sunan sadaka gare shi. Abin da ya rage yanzu shi ne zaman da hukumar lasisin tuƙi ta jiha ke yi a kan direban da ya yi haɗarin da aka rasa rai, inda ake duba ko za a dakatar da lasisinsa ko a karɓe shi. Dangi suna da damar halarta. Na sa lauya ya rubuta musu cewa a sanar da ni ranar, kuma hoton kyamarar yana nan a ajiye zan tafi da shi.